Gold Star, Interceptor ko Triumph: wane babur mai sunan Ingila ya dace da kai?

Tun da aka nuna sabon BSA Gold Star a baje-kolin babura na birnin Birmingham cikin watan Disambar 2021, zaɓi ya ƙara wuya ga masu sha'awar babura masu siffar tsohon yayi. Kafin nan hanya biyu ce a fili: mai hali ya nufi Triumph, wanda aljihunsa bai kai can ba ya nufi Royal Enfield. Sai ga suna na uku ya dawo bayan kusan shekaru 50 ba a ji ɗuriyarsa a kasuwar sababbin babura ba, sannan a 2023 Triumph da kansa ya sauko da ƙaramin babur mai araha wanda ya yi wa sauran shigar sauri. Wanda ya tara kuɗinsa yau, ko yana zaune a Birtaniya, ko yana karatu a Indiya, ko yana shirin shigo da babur gida, babura huɗu ne za su tsaya masa a rai: BSA Gold Star 650, Royal Enfield Interceptor 650, Triumph Bonneville T100 da Triumph Speed 400.

Akwai gaskiyar da ya kamata a fara da ita, domin da yawa sukan gano ta ne bayan sun biya kuɗi. A cikin waɗannan huɗun babu wanda ake harhaɗa shi a Ingila a matsayin kayan kasuwa na yau da kullum. Gold Star daga Pithampur yake fitowa, a jihar Madhya Pradesh ta Indiya. Interceptor daga masana'antun Royal Enfield da ke kewayen Chennai. Speed 400 kamfanin Bajaj ne ke ƙera shi a Chakan, kusa da Pune, shi kuwa T100 daga masana'antar Triumph ta Chonburi a ƙasar Tailan. Saboda haka sunan da ke jikin tanki ba ya gaya maka inda aka ɗaure notin babur ɗin. Tambayar da ta fi amfani ita ce, wa ke tsaye bayan wannan sunan, kuma zai kasance yana nan tsaye ranar da famfon mai ya mutu bayan shekaru 5?

Yadda sunayen suka mutu suka tashi

Maƙeran bindigogi na Birmingham ne suka haɗu suka kafa BSA a 1861, shi ya sa tsohon tambarinsa bindigogi uku ne jingine da juna. Ya fitar da babur ɗinsa na farko a 1910, ya sayi Triumph a 1951, kuma a shekarun 1950 babu kamfanin da ya kai shi yawan ƙera babura a duniya. Sunan Gold Star ya samo asali ne daga 1937, lokacin da Wal Handley ya zagaya filin tsere na Brooklands a kan BSA da gudun da ya haura mil 100 a awa, aka ba shi ƙaramar lambar tauraron zinariya da ake ba duk wanda ya yi wannan bajinta. Daga 1938 zuwa 1963 kamfanin ya riƙa sayar da babur mai wannan sunan, wanda ya mamaye tseren waɗanda ba ƙwararru ba na tsibirin Man a shekarun 1950. Abin da ya kashe BSA ba ɓoyayye ba ne. Baburan Japan, musamman Honda CB750 na 1969, sun zo da sitata ta lantarki da injin da ba ya ɗigar baƙin mai, alhali shugabannin masana'antun Ingila suna ta jan ƙafa da tsofaffin injuna. Zuwa 1973 BSA ya durƙushe. A 2016 ne Classic Legends, wani reshe na rukunin Mahindra na Indiya wanda kuma ya farfaɗo da Jawa da Yezdi, ya sayi sunan a kan kusan fam miliyan 3.4.

Triumph ya bi wata hanya dabam. Bayan ƙungiyar ma'aikatan da ke riƙe da masana'antar Meriden ta karye a 1983, wani ɗan kasuwar gine-gine mai suna John Bloor ya sayi sunan, ya yi shiru na shekaru yana gina sabuwar masana'anta a Hinckley, sai a 1990 ya fito da sababbin babura waɗanda ba su gaji komai daga tsofaffin ba sai suna. Bonneville ya dawo a farkon shekarun 2000. Har yau kamfanin na iyalan Bloor ne, kuma a Hinckley ake zana baburan. Royal Enfield kuwa bai taɓa mutuwa gaba ɗaya ba: reshensa na Madras, wato Chennai ta yau, wanda aka kafa a 1955, ya ci gaba da ƙera Bullet bayan uwar kamfanin ta Redditch ta rufe, Eicher ya karɓe shi a 1994, sannan ya dawo Ingila ta ƙofar baya, ya sayi Harris Performance, kamfanin ƙera firam ɗin babura, a 2015 ya kuma buɗe cibiyar injiniyoyi a Bruntingthorpe, inda aka yi babban aikin tsara injin Interceptor.

Ma'aunin da za a yi amfani da shi

Abu na farko farashi ne, amma ba kuɗin da aka biya dila kaɗai ba. Akwai sabis, akwai inshora, akwai taya da sarƙa, akwai kuma asarar da za a yi ranar sayarwa. Na biyu ƙarko, wato ko injin ya daɗe a hannun mutane har an san halinsa, da yadda fenti da ƙarfe ke jure ruwa da ƙura. Na uku sauƙi, kuma fuska biyu gare shi: sauƙin hawa ga mai babur, da sauƙin gyara ga makanike. Na huɗu kasada, wadda a nan ta fi shafar kamfani da dillalansa da samuwar kayan gyara. Akwai na biyar da ba ya shiga ma'auni amma ba zan raina shi ba, wato abin da mutum yake ji a ƙirjinsa idan injin ya tashi, domin babu wanda ke sayen irin waɗannan babura don ya rasa abin hawa.

| | Gold Star 650 | Interceptor 650 | Bonneville T100 | Speed 400 |
|---|---|---|---|---|
| Girman inji | cc 652, silinda 1 | cc 648, silinda 2 | cc 900, silinda 2 | cc 398, silinda 1 |
| Sanyaya inji | ruwa | iska da mai | ruwa | ruwa |
| Ƙarfin doki | 45 | 47 | kusan 64 | kusan 40 |
| Ƙarfin ja, Nm | 55 | 52 | 80 | 37.5 |
| Giya | 5 | 6 | 5 | 6 |
| Nauyi da mai, kilo | kusan 213 | kusan 217 | kusan 228 | kusan 170 |
| Tanki, lita | 12 | 13.7 | 14.5 | 13 |
| Farashi a Birtaniya | daga fam 6,500 a 2022 | daga fam 5,500 lokacin fitowarsa | sama da fam 9,000 | fam 4,995 lokacin fitowarsa |
| Inda ake ƙerawa | Indiya | Indiya | Tailan | Indiya |

Farashin da ke cikin jadawalin na lokacin da aka ambata ne, kuma sun motsa tun daga nan, don haka a ɗauke su a matsayin ma'aunin tazarar da ke tsakanin baburan.

BSA Gold Star 650

Wanda ya tsaya kusa da Gold Star zai ga an yi aiki don a yaudari ido ta hanya mai kyau. Jikin silinda yana da haƙarƙari irin na injunan da iska ke sanyayawa, alhali ga lagireto nan a laɓe gaban injin. Tankin yana da ƙyallin kurom a gefe biyu da tambarin tauraro a tsakiya, agogunan gudu biyu kuma alluransu daga sama suke fara juyawa kamar na tsofaffin baburan Ingila. Ba don faifan burki da fitilun zamani ba, daga nesa sai a ɗauka na 1956 ne aka wanke.

Injin shi ne babban dalilin sayensa. Silinda guda mai cc 652 abu ne da ya yi ƙaranci a kasuwa, kuma tushensa tsarin Rotax ne na Austiriya, dangin wanda ya daɗe yana aiki a cikin BMW F650. Wannan ya rage fargabar da ake yi wa sabon babur, domin ƙashin bayan injin ya riga ya yi dubban kilomita a hannun matafiya. Ƙarfin jansa yana kaiwa ƙololuwa a juyi 4,000 a minti, ma'ana a cikin gari ba sai an yi ta sauya giya ba, ana murɗa hannu yana amsawa da wannan bugun mai kauri na silinda guda. Sirdinsa ƙasa yake, milimita 780, don haka gajeren mutum zai dafa ƙasa da ƙafa biyu. Burkin Brembo ne, tare da na'urar da ke hana taya kullewa.

Inda ya gaza shi ne doguwar hanya. Giya biyar gare shi, kuma idan aka daɗe a kan babban titi ana gudun mil 70 a awa, wanda shi ne iyakar doka a Birtaniya, rawar injin takan fara isa hannu da ƙafa, abin da kowane babban inji mai silinda guda ya gada. Tankin lita 12 shi ne mafi ƙanƙanta a cikin huɗun. A lissafin kamfani yana cin kusan kilomita 25 a lita guda, wanda ke nufin mai hankali zai fara neman gidan mai tun kafin ya cika kilomita 250.

Kasadarsa ita ce ta fi ta kowa girma, kuma ba daga injin take ba. Kamfanin sabo ne a wannan zubin, dillalansa ba su kai na abokan gasarsa yawa ba, kuma kasuwar na-hannu ba ta gama yanke masa daraja ba. Mahindra babban gida ne, ba a tsoron ya wayi gari ya rufe, kuma ƙara Scrambler 650 da Bantam 350 da aka yi a 2025 alama ce ta cewa ba da wasa suka shigo ba. Duk da haka, girman uwar kamfani ba ya kawo maka murfin gefe ko wayar kuloci a cikin mako guda idan dila mafi kusa yana da nisan tafiyar rabin yini. A Indiya, inda aka fara sayar da shi a watan Agustan 2024 a kan kusan rupi 300,000, lamarin ya fi sauƙi saboda yana amfani da shagunan Jawa da Yezdi.

Royal Enfield Interceptor 650

Wannan shi ne babur ɗin da ya sa sauran suka sake lissafi. Da ya fito a ƙarshen 2018, babu wanda ya zaci za a iya sayar da babur mai silinda biyu, mai giya shida, da garantin shekaru 3, a kan wannan farashin. Ya yi kasuwa ƙwarai a Birtaniya da Turai da Indiya, kuma wannan yawan shi ne babban abin da mai saye yake samu. Duk matsalar da babur ɗin yake da ita an riga an gano ta, an san maganinta, kuma akwai kamfanoni masu yawa da ke ƙera masa salansa, sirdi, shoka da kariyar inji. Royal Enfield ya sayar da babura sama da miliyan 1 a shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025, don haka maganar ko kamfanin zai ɗore ba ta taso ba.

Injinsa ne mafi sauƙin fahimta. Iska da baƙin mai ke sanyaya shi, babu lagireton ruwa, babu famfon ruwa, babu tiyon da zai fashe. Bawul ɗinsa irin na noti da sukuru ne, wanda duk makaniken da ya iya saita bawul zai iya yi da sifana da ma'aunin tazara, ba sai an cire sandar kam ba. Farashin wannan sauƙin shi ne ana duba su akai-akai fiye da na Triumph, wanda ga mai biyan kuɗin aiki a Landan ba ƙaramin abu ba ne, amma ga mai yin aikinsa da hannunsa ranar Asabar riba ce. Akwai kuma wani abu da ba a cika ambata ba: matsin da injin ke yi wa mai da iska kafin tartsatsi bai wuce 9.5 ba, alhali na sauran ukun daga 11 ne zuwa 12. Inji mai ƙarancin matsi ya fi haƙuri da fetur maras inganci, kuma duk wanda ya san yadda mai yake a wasu gidajen mai na hanya ya san darajar wannan haƙurin.

Tsarin juyin silindodin, mai tazarar digiri 270, yana ba shi ƙara mai gurnani kamar ta manyan baburan Italiya, kuma a kan babban titi ya fi Gold Star natsuwa saboda giya ta shida da daidaiton silinda biyu.

An rage kuɗi a wasu wurare, kuma ana ganewa. Sirdin asali siriri ne mai tauri, da yawa sukan canza shi tun a watannin farko. Shokar baya takan buga idan an faɗa rami da fasinja. Matakin ƙafa yana daidai inda ƙwauri ke sauka idan an tsaya a danja, sai mutum ya saba da buɗe ƙafa. Kurom da notina suna buƙatar wanki da shafa mai, musamman a Birtaniya inda ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi, in ba haka ba tsatsa za ta bayyana da wuri. Wilin asali mai waya ne da tiyub a ciki, wanda ke nufin ƙusa guda tana iya tsayar da tafiya har sai an cire taya, sai dai tun 2023 akwai nau'o'in da ke zuwa da wilin alminiyom da taya maras tiyub. Wanda zai yi doguwar tafiya ya nemi wannan nau'in ko da launinsa bai kwanta masa sosai ba.

Triumph Bonneville T100

Idan kuɗi ba matsala ba ne, muhawara takan ƙare a nan. Sunan Bonneville ya fito ne daga filin gishiri na Bonneville a jihar Utah ta Amurka, inda Johnny Allen ya yi gudun mil 214 a awa a 1956 da injin Triumph, kuma T100 shi ne ya fi kama da Bonneville na 1959. Bambancinsa da sauran yana cikin abin da hannu ke taɓawa: kaurin fenti, layin da ake ja da hannu a jikin tanki, yadda aka ɓoye wayoyi, yadda aka matse lagireto tsakanin ƙarafan gaba har ba a lura da shi. Ƙarfin jansa na Nm 80 yana zuwa tun kafin juyi 4,000, don haka da fasinja da kaya ba ya nuna gajiya a hawan tudu, abin da baburan 650 ba za su iya yi da irin wannan sauƙin ba. Yana da na'urar hana taya zamewa lokacin tashi, wadda Gold Star da Interceptor ba su da ita.

Tazarar sabis ɗinsa mil 10,000 ce, wato kilomita 16,000, ko shekara guda, kuma injin cc 900 yana aiki tun 2016 a cikin Street Twin da danginsa, an san shi da lafiya. Darajarsa a kasuwar na-hannu tana riƙewa, wanda ke mayar wa mai shi wani ɓangare na abin da ya biya. Amma kowane zuwa wurin dila yana da tsada, kayan gyaransa ma haka, kuma yawan na'urorin lantarki na nufin wasu matsalolin ba sa warwaruwa sai an jona kwamfuta. Shi ne mafi nauyi, kilo 228, wanda ba a ji idan ana tafiya amma ana ji sosai wajen tura shi baya a tsakar gida. Ga matashin da ke da lasisin A2 na Birtaniya, wanda ya taƙaita ƙarfin babur a kilowat 35, wato doki 47, T100 sai an sa masa abin rage ƙarfi, alhali sauran ukun suna shiga dokar yadda suke.

Abin da nake ganin ya kamata mai saye ya tambayi kansa shi ne ko ƙarin fam 3,000 ko fiye zai ba shi ƙarin jin daɗin da ya kai wannan kuɗin. Ga wanda ke hawa kullum ya kuma yi nisa da fasinja, amsar e ce. Ga wanda zai fito da shi ranar Lahadi ya zagaya ƙauyuka ya dawo, rabin ƙarfin da ya saya ba zai taɓa amfani da shi ba.

Triumph Speed 400

Wasu masoya tsohon yayi ba sa son a sa shi cikin wannan jerin, saboda siffarsa ta fi karkata ga zamani: wilin alminiyom mai inci 17, shokar gaba mai juyin kai, shoka guda a baya. Amma a wurin dila shi ne yake janye masu sayen da suka shigo da niyyar duba 650, don haka ba a tsallake shi. Ya fi sauran sauƙin nauyi da kusan kilo 45 zuwa 60, kuma wannan ya sa tazarar ƙarfinsa da na Gold Star ba ta bayyana a titi yadda take a takarda. A cunkoson gari babu wanda ya kama ƙafarsa a cikin huɗun. Yana da na'urar hana zamewa, taya maras tiyub, tazarar sabis irin ta yayansa, kuma shi ne mafi ƙarancin shan mai.

Halin injinsa dabam ne. Yana son a ɗaga masa juyi, ƙarfinsa na sama yake, kuma ba shi da wannan bugun mai nauyi da ke sa mutum ya rage gudu don ya saurari injin. A doguwar hanya ƙanƙantarsa takan bayyana, ga iska ga rawar hannu. Dogon mutum mai jiki zai iya jin ya yi masa kaɗan. Ta fuskar ƙarko, shekarunsa a kasuwa ba su kai na Interceptor ba, sai dai an sayar da shi da yawa cikin ɗan lokaci, kuma Bajaj ba baƙo ba ne wajen ƙera injuna masu silinda guda, tunda shi ke yi wa KTM ƙananan baburansa tun shekaru da dama.

Norton, da darasin da ke cikinsa

Norton, wani tsohon sunan babur na Ingila, bai shiga jadawalin ba saboda farashinsa na wata duniya ne: Commando 961 da aka sake fitarwa a 2022 ya haura fam 16,000. Amma labarinsa shi ne hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kan batun kasada. An farfaɗo da sunan a 2008 da alkawura masu daɗi, mutane suka biya kafin alƙalami saboda ƙaunar suna, sai a watan Janairun 2020 kamfanin ya faɗi, ya bar masu jiran babura da masu kuɗin fansho cikin asara. TVS na Indiya ya saye shi a watan Afrilun 2020 a kan fam miliyan 16, ya gina sabuwar masana'anta a Solihull, ya kuma shafe lokaci mai tsawo yana gyara kurakuran da ya tarar a jikin baburan da aka riga aka tsara. Sunan bai canza ba tsakanin 2019 da 2022. Mai riƙe da shi ne ya canza, kuma shi ne ya bambanta wanda ya yi asara da wanda ya samu babur.

Idan za a shigo da shi gida

Bajaj da TVS sunaye ne da kowane ɗan acaɓa da mai Keke Napep ya sani, kuma abin sha'awa ne a ce su ne yau ke tsaye bayan ƙaramin Triumph da Norton. Sai dai kada wannan ya ruɗi kowa: kayan Boxer ba sa shiga Speed 400, kuma shagon da ke cike da kayan Bajaj ba lallai ya taɓa ganin fistan ɗinsa ba. Dukan huɗun ba su da kafireto, allurar fesa mai suke amfani da ita tare da famfo a cikin tanki, kuma dattin mai ko ruwa a cikinsa su ne manyan maƙiyansu. Makaniken da ya ƙware a kan kafireto zai buƙaci littafin gyara da na'urar karanta matsala kafin ya sa hannu. Garanti ba ya bin babur zuwa ƙasar da babu dilan kamfanin, kuɗin fito da canjin kuɗi kuma suna iya mayar da mai araha ya zama mai tsada. Wanda ya yanke shawarar shigowa da shi ya haɗo da matatun mai da na iska, fulogi, takalman burki, wayar kuloci, sarƙa da haƙoranta, da famfon mai guda na ajiya, a cikin akwati ɗaya da babur ɗin.

Wanne ga wa

Wanda babur ɗin nan zai zama nasa na farko a cikin manya, ko wanda mafi yawan hawansa cikin gari ne, ko mai ƙaramin jiki, Speed 400 ne zai fi ba shi kwanciyar hankali, kuma ragowar kuɗin ya sayi hular kwano mai inganci da rigar kariya da safar hannu. Wanda ke son yin gyara da kansa, ko yake zaune nesa da dila, ko zai kai babur ɗin inda zafi da ƙura da fetur maras tabbas suke, Interceptor ne nasa, kuma shi ne zan nuna wa duk wanda ya tambaye ni ba tare da na san komai game da shi ba. Mai dogayen tafiye-tafiye da fasinja, wanda ke da dilan Triumph kusa kuma tsadar sabis ba za ta hana shi barci ba, ya ɗauki T100, ko ya nemi na-hannu mai shekaru 3 ko 4 da cikakken littafin sabis, wanda farashinsa kan sauko kusa da na sabon 650.

Gold Star kuwa na mutum ne da ya san abin da yake nema: bugun babban silinda guda, sirdi mai ƙasa, tafiya a tsanake a ƙananan hanyoyi, da sunan da kakansa ko malaminsa ya taɓa ambata. Irin wannan mutumin ba zai gamsu da Interceptor ba ko da lissafi ya nuna masa shi ne ya fi, kuma ban ga laifinsa ba. Sharaɗina a gare shi guda biyu ne. Ya tabbatar akwai dilan BSA da zai iya kaiwa ya dawo cikin yini guda, ya kuma tambayi dilan kai tsaye kwana nawa kayan gyara ke ɗauka kafin su iso. Sannan ya saye shi da niyyar riƙewa shekaru masu yawa, domin wanda zai sayar bayan shekara guda shi ne zai fi kowa jin zafin faɗuwar farashi. Idan babu dila kusa, ko kuma babur ɗin zai tsallaka teku zuwa inda babu wakilin kamfanin, ya jinkirta Gold Star har dillalan su yawaita, ya hau Interceptor kafin nan.